Maigidana ya koma iyo a kogin Kwara da asuba, ga hunturu ya kama

Salamu alaikum Inna. A Harobanda nake zaune, nan Yamai. Maigidana ya haura hamsin, haifaffen bakin gulbi ne, a wajajen Gaya ya tashi. Tun da ƙanensa ya rasu bara barci ya ƙaurace masa, magana ta ragu, abinci ma sai an yi da gaske. Da damina ta ɗauke sai ya ɓullo da wata sabuwa: ana sallame sallar asuba zai hau babur ya nufi bakin kogi, ya tsunduma ya yi ta iyo har rana ta fito. Da farko ban ce uffan ba, don gaskiya ya sake, yana barci, har raha yake yi da yara. To yanzu ɗari ya shigo. Kwanan baya ya dawo gida haƙoransa na haɗuwa, kofin shayi ma ya kasa riƙewa. Ga shi yana shan maganin hawan jini. In na yi magana sai ya nuna mini Turawa a waya suna fasa ƙanƙara suna shiga, ya ce namu ai ruwan wanka ne. Hajiya mahaifiyarsa ta ce mutanen ruwa ne ke kiransa, a nemo masa taimako. Ni kuma na ɓoye makullin babur, har yau yana wurina, ba ya ce mini ba na ce masa. Kafin rigimar ma cewa yake zai fara tafiya da babban ɗanmu mai shekara 14. Inna, in kai ƙararsa wurin yayansa a hana shi, ko in zuba masa ido?

Wata matar aure, Harobanda

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya jiƙan ƙanen maigidanki, Ya ba ku haƙurin rashi.

Kafin komai, ɗauko makullin nan ki miƙa masa hannu da hannu, ki ba shi haƙuri. Magidancin da aka ɓoye wa makulli, abin da zai koya kawai shi ne ya daina gaya wa iyalinsa inda za shi, kuma kabu-kabu bai ƙare a Harobanda ba. Yanzu kin san gaɓar da yake shiga, kin san lokacin da ya kamata ki ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Ranar da ya fara sulalewa a ɓoye, wannan ma kin rasa shi.

Tsoronki yana kan hanya, sai dai kin ɗora shi duka a kan sanyi, alhali sanyin ne mafi sauƙin magani a cikin labarin nan. Amma tun da shi ya tayar da rigimar, mu fara da shi.

Game da Turawan cikin waya, rabin gaskiya na wurinsa. Masu gasar iyon ƙanƙara ba sa lissafa ruwa sai ya sauka ƙasa da digiri 5, kuma akwai likita da jirgin ceto a gefe, waɗanda mai ɗaukar hoto ba ya damuwa da nunawa. Kwara ba ya kusantar wannan ko a tsakiyar Janairu. Safiyar Yamai a Disamba da Janairu takan sauka wajen digiri 16 ko 17, ruwan kogi kuma yakan riƙe ɗumin jiya fiye da iska, shi ya sa wanda ya shiga da asuba zai rantse miki cikin ruwan ya fi waje daɗi. Inda ya kuskure shi ne ruwa na zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi. Ko wuraren ninkaya na gasar duniya tsakanin digiri 25 da 28 ake riƙe ruwansu. Ruwan da mutum zai yi wanka da shi a bokiti ya fito lafiya, in ya jiƙu a cikinsa rabin awa wata magana ce.

Mai hawan jini kuwa, minti na farko ne mafi haɗari gare shi. Da ruwan sanyi ya rufe fata a lokaci guda, mutum yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, haki ya biyo baya, hanyoyin jinin da ke fata su tsuke, zuciya ta ƙara gudu, awon jini ya yi sama. Minti ɗaya zuwa uku abin ke yi kafin ya lafa. In kan mutum na ƙarƙashin ruwa sa'ad da ya ja wannan numfashi, ruwa ne zai wuce huhu. In kuma ya nutsa fuska ya riƙe numfashi, jiki kan umarci zuciya ta sassauta a daidai lokacin da sanyin fata ke umartar ta ta yi sauri, kuma zuciyar da ba ta cika lafiya ba tana iya rikicewa a tsakanin umarnin biyu. Saboda haka tsalle daga gaɓa ko daga kwale-kwale ya fita daga lissafi. Ya shiga da ƙafa, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya watsa a ƙeya da ƙirji, ya tsaya har numfashinsa ya dawo daidai, sannan ya miƙe. Kuma a makon nan ya koma wurin likitan da ya rubuta masa maganin, ya faɗa masa ƙarara cewa iyo yake yi a kogi da asuba, a auna jinin, a yi masa gwajin bugun zuciya. In likita ya ce a'a, magana ta ƙare, kuma daga bakin likita ta ƙare, ke ba ruwanki.

Abu ɗaya na taimakonsa: bai fara da tsakiyar ɗari ba. Ruwan yana ta hucewa a hankali yana ciki kullum, jiki kuwa yana sabawa. Masu binciken wannan fanni a jami'ar Portsmouth ta Ingila sun nuna cewa 'yar gajeruwar shiga ruwan sanyi sau biyar ko shida tana rage wannan firgitar numfashi da kusan rabi. Sai dai sabon yana da tarko. Firgitar ce ke raguwa, damatsa da yatsu kuwa suna ci gaba da yin sanyi yadda suka saba, ƙarfinsu na zubewa ba tare da mai su ya ankara ba. Wanda ya daina jin zafin sanyin shi ke daɗewa a ciki.

Karkarwar da kika gani a gida ba abin mamaki ba ce. Bayan mutum ya fito, zafin cikin jikinsa yakan ci gaba da sauka na wasu mintoci, don fata da gaɓoɓin da suka yi sanyi suna ta jan zafi daga ciki. Shi kuma me yake yi a daidai wannan lokacin? Yana kan babur da jiƙaƙƙen wando, busasshiyar iskar hunturu na dukan ƙirjinsa. Kin san yadda randa ke sanyaya ruwa in ta yi gumi iska ta bi ta kanta. Haka yake yi wa jikinsa daga bakin kogi har ƙofar gida. Hannun da ya kasa riƙe kofi, shi ne ya riƙo birki a hanya. Wannan ya fi tayar mini da hankali a kan karkarwar kanta. Maganinsa a cikin jaka guda yake: tawul babba, busasshen wando, rigar sanyi, hula mai rufe kunne, da shayi mai sukari a filas. Yana fitowa ya tuɓe jiƙaƙƙen kaya ya goge jiki, ya fara rufe ƙirji da kai, ya samu inda iska ba ta bugawa ya zauna kamar rabin awa kafin ya taɓa babur. Masunta ba sa rasa 'yar wuta a gaɓa da safe. Kada ki tare shi da tafasasshen ruwan wanka yana shigowa, yana iya sa shi jiri ya faɗi. Bargo da abin sha mai ɗumi sun fi. Ranar da kika ji harshensa na harɗewa, ko yana tangaɗi, ko yana maganar da ba ta kama kai ba, ko karkarwar ta tsaya alhali jikinsa ƙarara, ki nannaɗe shi ku nufi asibiti, kada a tsaya jiran rana ta yi zafi.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe da hannu biyu. Kogin da ya fara shiga a watan Oktoba ba shi ne zai tarar a Disamba ba. Kwara sau biyu yake kawo ruwa a Yamai. Na farko shi ne jan ruwan nan na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina Faso, shi ke cin gidaje a damina. Yana wucewa kogin ya ɗan ja baya, mutane su ɗauka an gama. Na biyun kuwa ruwan saman da aka yi ne a tsaunukan Gini, ya bi ta Bamako, ya bazu a fadamun da ke tsakanin Mopti da Tumbuktu, ya yi watanni yana tacewa a can, sannan ya iso mana daga Nuwamba, ya yi ta hauhawa har ya kai ƙololuwa wajen Janairu zuwa farkon Fabrairu. Babu hadari, babu ɗigon ruwa daga sama, ƙura ce ma ta rufe gari, amma kogin na cika yana ƙara gudu kullum. Inda maigidanki ya saba tsayawa ruwa iya ƙirji, nan da 'yan makonni ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba. Wato kwanakin da sanyi ya fi cin ƙarfin damtsensa su ne kwanakin da ruwan ya fi neman ƙarfin.

Zai ce miki shi ɗan gulbi ne, ya san duk wannan tun kafin ki san hanyar lakwal. Gaskiya ne ya sani. Amma yaro ɗan sha biyar ne ya koyi kogin, yau kuma dattijo mai shan maganin hawan jini ke shiga, kuma a can Gaya ba shi kaɗai yake shiga ba, yaran unguwa ne tuli da manya a gaɓa.

Sai kuma lokacin da ya zaɓa. A ƙarshen Nuwamba rana ba ta leƙowa a Yamai sai wajen ƙarfe 7, asuba kuwa an sallame ta tun kafin 6, ke nan da duhu-duhu yake shiga. Dorina da dare take fita kiwo, da asuba take komawa ruwa, kuma ba labarin garuruwan bakin kogi irin su Ayorou ko Boubon kaɗai ba ne, masu lambu da masu shinkafa a gefen birnin nan sun san ɓarnarta. Ba ta cin nama, amma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, ko tsakaninta da ɗanta, ba kasafai yake ba da labari ba. Masunta kuma da yamma suke shimfiɗa raga da mamari su kwana a ruwa, da safe su zo ɗagawa. Mamari igiya ce doguwa mai ƙugiyoyi jere. In ta kama wando ko fatar ƙafa a cikin ruwa mai gudu, gwaninta ba ta kwance ta. Ga ramukan da masu ɗibar yashi ke bari a ƙasan kogi, ga hazon hunturu da ke hana mai jirgin inji ganin kan mutum sai ya zo dab da shi. Kuma nutsewa ba ta da ihu. Mai nutsewa numfashi yake nema, ba shi da na kiran kowa.

Tsargiya ba za ta kashe shi da safe ɗaya ba, amma kada a manta da ita. Ƙwayarta daga ƙananan katantanwar ruwa take fitowa ta huda fata, ba sai an sha ruwan ba, kuma ta fi yawa inda ruwa ya kwanta cikin ciyawa, irin magudanan gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoye. A nan asubar tasa ta yi masa rana, don ƙwayoyin sun fi fitowa da tsakar rana, amma raguwa ce kawai. Tun da ya kwashe makonni yana shiga, a haɗa da gwajin fitsari ranar da za shi wurin likita, ko bai ga jini a ƙarshen fitsarinsa ba. Maganinta praziquantel ne, gwargwadon nauyin mutum ake ba da shi. Ya kuma guji shiga ƙasa da inda ƙazantar gari ke zubowa, kamar bakin kwarin Gunti Yena da ya ratsa gari, da wajen majemar Gamkalle.

Maganar Hajiya, kada ki yi musu da ita. Uwa ce da ta binne ɗa guda tana kallon na biyu yana tafiya ruwa kullum. Da bakin da ta iya take faɗin tsoron da ke cikinki. Addu'a ku yi ta yi, sadaka ku bayar. Abin da ba zan so ba shi ne a ɗura masa jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba a kan maganin hawan jini, ko a fara kallonsa a gida a matsayin wanda aka shafa. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya shekara ba barci, ya samu abin da ke gajiyar da jikinsa, ya fitar da shi cikin hasken safiya, ya hana kansa tunani na ɗan lokaci don numfashi ya cinye hankalinsa duka, ba sai an nemo aljani ba kafin a gane dalilin komawarsa. Ina ma kyautata zaton a ruwan nan suka yi ƙuruciya shi da marigayin. A 2018 wasu likitocin Ingila sun wallafa labarin wata mace mai shekara 24 da ciwon damuwa ya daɗe yana wahalarwa, ta fara iyo a ruwan sanyi mako-mako har ta kai ga ajiye magani a ƙarƙashin kulawarsu. Mutum ɗaya ce, ba a kafa hukunci da mutum ɗaya, kuma masu tallar abin a waya sun zuzuta shi fiye da hujjar da ke ƙasa. Amma ke kanki shaida ce: kin ce yana barci, yana raha. Shi ya sa ban goyi bayan a raba shi da ruwan ƙarfi da yaji ba. In aka ƙwace wannan ba a ba shi madadinsa ba, mutumin bara ne zai dawo miki.

Akwai tambaya mai nauyi da sai ke za ki iya yi masa, da dare, yara sun kwanta. Ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin da ma ruwan ya tafi da shi. Yin tambayar ba ya sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya yi dariya ya ce ke dai kin cika tsoro, alhamdu lillahi. In ya yi shiru mai tsawo, ko kin lura yana sallamar kayansa, yana yawan cewa ku yafe masa, yana barin wasiyya ba ciwo ba komai, to wannan ta wuce maganar iyo. Ranar ba a barinsa shi kaɗai, kuma akwai sashen masu kula da irin wannan damuwa a babban asibitin ƙasa na Yamai.

In ba haka ba ne, ga yadda zan yi da ni ce. Ran Lahadi in ce masa, Malam, yau da ni za a je, ina so in ga abin nan da ya dawo mini da kai. In ɗauki filas da tawul in zauna a gaɓa. Namiji ya fi jin sharaɗi daga wadda ta zo ta gani a kan wadda ta tsaya a ƙofar ɗaki tana faɗa. A can za ki ga masunta. Ku gaisa, shi ya tambaye su inda suka sa raga, inda aka ga dorina a makon, inda ruwa ke juyawa. Ya daidaita da ɗaya daga cikinsu, a riƙa ba shi ɗan na goro yana bin sa da kwale-kwale. Wannan shi ne sharaɗin da ba na sassautawa: babu kwale-kwale a gefe, babu shiga. Ya yi lazimi a masallaci ko a gaɓa har gari ya waye tangaran. Ya bi gefen gaɓa inda zai iya tsayawa, ya fara da haurawa sama don ruwa ya taimake shi a dawowa, batun tsallaka kogi kuwa a bar shi. Lokaci kuma na kan tudu ne ke riƙe shi, minti goma zuwa sha biyar a kwanakin ɗari, don wanda ke cikin ruwa kullum gani yake bai daɗe ba. Wata dabara mai arha: jarkar lita biyar, rawaya, babu komai a ciki, a rufe ta gam, a ɗaura a ƙugu da gajeruwar igiya mai ɗaurin zarge. Mai jirgi zai hango ta, shi kuma in ƙafa ta ɗaure ya rungume ta. Ranar da yake mura, ko zazzaɓi, ko bai yi barci ba, ko ya manta da shan magani, hutu ne. Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu kuma, lokacin da ruwan Gini ya cika, na fi son ya koma wurin ninkaya na otal inda ake biya a shiga. Ruwansu ma da safe sanyi gare shi, in sanyin yake nema.

Yaron kuwa a'a, kuma a nan kina da ikon kafewa. Jikin yaro siriri ya fi saurin yin sanyi, ba shi da sabon da uban ya tara, kuma in akwai sikila a jininsa ruwan sanyi na tayar da ciwon. In ba ku taɓa gwada shi ba ku gwada. Amma babban dalilina ba wannan ba ne. In uba ya shiga matsala a tsakiyar ruwa, ɗan shekara 14 ba zai tsaya a gaɓa yana kallo ba, faɗawa zai yi, mai nutsewa kuma duk abin da ya kama danne shi yake yi. Haka ake fitar da gawa biyu daga gida ɗaya. In yana so ɗansa ya iya ruwa, abu ne mai kyau ga duk yaron da ke zaune a Harobanda, sai ya koya masa a wurin ninkaya, da rana, inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Ya koya masa har da cewa wanda ruwa ya ja, gora ko igiya ko jarka ake miƙa masa daga tudu, a yi kururuwar masu jirgi, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Yayansa ki ajiye shi tukuna. In maigidanki ya ƙi zuwa wurin likita, ya kuma ƙi kwale-kwale, sannan ki je, amma kada ki shiga da sunan ƙara. Ki gaishe shi ki ce, Yaya, ƙanenka ya samu abin da ke sa shi barci, ni dai tsoron kaɗaicin nake, ko za ka raka shi wata safiya ka gani. Shi ma ƙane ya rasa, kuma wataƙila tun ranar sadakar arba'in su biyun ba su zauna sun yi maganar marigayin ba.